Dalilin da Ya Sa Ba a Ƙarasa wa Mai In'ina Magana a Garinmu

Dalilin da ya sa a garin nan ba a ƙarasa wa mai in'ina magana, shi zan gaya muku yau, tunda ɗazu na ji ɗayanku ya tari numfashin ƙanwarsa tana kokawa da kalma. Ba zan kama suna ba, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ku matso.

A da ba haka muke ba. Mutanen da gani suke taimako ne: mai in'ina ya ɗauko kan magana, a ƙarasa masa, kowa ya kama gabansa.

To, akwai wata mata, Kyallu, mai in'ina tun ƙuruciya. Mijinta ya tafi fatauci, ya bar ta da ɗansu tilo, Nomau, wanda ko famfara bai fara ba. Wata rana da kaka suka je roron gyaɗa a gonar gabas. A gefen gonar akwai tsohuwar rijiya da ciyawa ta rufe bakinta. Yaro ya bi fara da gudu, Kyallu ta ji ƙara, ta waiga, babu shi. Ta leƙa, ta hango shi can ƙasa, ruwa iya wuya, ya rungume wata saiwa yana kiran "Inna!" Ta zura mayafinta, bai kai ko rabi ba. Sai ta zuba a guje zuwa gari.

A bakin gari ta iske maza a inuwa, Bawa wanzami yana yi wa wani aski. Shi Bawa bakinsa ya fi askarsa sauri. Kyallu ta tsaya tana haki, ta ce, "Ri... ri... ri..."

Kun san halin in'ina, in tsoro ya shigo, harshe ƙara ɗaurewa yake. Ta cafki rigar Bawa tana ja don ya biyo ta.

"Riga?" in ji Bawa. "An sace miki riga a shanya?"

Ta girgiza kai, ta nuna gabas. A kan hanyar gabas kuwa akwai babban rimin nan da kowa ke shakka.

"Rimi!" Bawa ya yi tsalle ya ja da baya. "Innalillahi! Ta bi gindin rimi da tsakar rana. Jama'a, mutanen ɓoye sun taɓa ta!"

Kafin ka ce kwabo mata sun fito sun rirriƙe ta. Aka ja ta zaure, aka lulluɓe ta da zane, aka turara mata hayaƙi. Tana fizgewa za ta koma gona, suna cewa, "Kun gani? Wannan ƙarfin ba nata ba ne." Ta yi ƙoƙarin kiran sunan ɗanta, "No... No..."

"Nono suke so!" in ji wata. Aka ruga ɗauko ƙwaryar nono.

Wallahi ko yanzu in na zo nan a labarin, gabana faɗuwa yake. Uwa ta san ɗanta na cikin ruwa, ta san ƙaramin hannu ba ya daɗewa a kan saiwa, ga mutane cike da zaure, duk masu ƙaunarta, kuma ba wanda ya bar ta ta kai ƙarshen kalma ɗaya.

Ana cikin haka Iya Tabawa ta dogaro sandarta ta shigo. Tsohuwa ce tukuf, maƙwabciyar Kyallu, ga faɗa kamar me. Ta buga sanda a ƙasa. "Kai, ku yi mini shiru! Ita ce mai maganar, ko ku? Ku yaye mata zanen nan. Kyallu, 'yar nan, faɗi. Muna jira."

Zaure ya yi tsit. Kyallu ta ja numfashi. "Ri... ri..." Bakin Bawa ya fara motsi, Iya Tabawa ta ɗaga masa sanda, ya haɗiye.

"Ri... rijiya. Nomau."

Maza suka kwasa a guje da igiyar guga. Suka isa, suka ƙwala kira, ba amsa. Bawa da kansa ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka. Ya sami yaro da ransa, ruwa ya kai haɓa, sai da ya ɓamɓare yatsunsa daga saiwar. Bakinsa na motsi yana kiran Inna, amma ba sauti. Kiran da ya yi ta yi ya cinye muryar. Daga baya ta dawo, sai dai a dushe, kuma haka ya tsufa da ita.

Da yamma Bawa ya zo ya durƙusa a ƙofar Kyallu, gaban jama'a. "Ki yafe ni, baiwar Allah. Na ɗauka taimakonki nake."

Kyallu ta daɗe tana fama kafin maganar ta fito, ba kuwa wanda ya yi ko tari. Ta ce, "Da kun bar ni, da tuni na faɗa."

Shi ya sa har yau a garin nan, in mai in'ina ya buɗe baki, ko mai gari ne a gabansa sai ya kama bakinsa ya jira. Ba ka san abin da ya baro a baya ba.