Mutumin da Ya Yi wa Uwarsa Tayi Sau Ɗaya

Akwai wani manomi a wani ƙauye na hayin rafi, wanda ya yi suna wajen karɓar baƙi. Kullum tabarma a shimfiɗe take a zaurensa. In baƙo ya sauka aka kawo tuwo, baƙon ya ce ya gode, ya ƙoshi, kamar yadda kowane mai kunya yake faɗa, manomin nan ba ya yarda. Sai ya tura masa kwano, ya kawo ruwan wanke hannu da kansa, ya ce in bai ci ba ya raina gidan. Haka zai yi ta yi har baƙo ya sa hannu. Gama ya san halin mutanensa sarai: mai mutunci ba ya karɓar abu a tayin farko, ko da yunwa tana murɗa masa ciki. Uwarsa ce ta koya masa wannan tun yana ƙarami.

Uwar tana nan da rai, a wani ɗan ɗaki can ƙuryar gida, kusa da rumbu. Ta tsufa ƙwarai. Ƙafafu sun gaza, sai da sanda da dafa bango take kaiwa bakin ƙofa ta sha hantsi. Shi ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta kuma roƙonsa komai. In tana son man shafawa ko ɗan goro, surukarta Afiniki take gaya wa, ita ma sai da kewaye-kewaye.

Ana nan sai annoba ta shigo ƙasar, ciwon tari da sarƙewar numfashi. Matasa sukan kwanta su tashi, amma in ya kama tsoho da wuya ya sake shi. Aka binne tsohon da ke buga ƙararrawar majami'a, aka binne tsohuwa mai daddawa. Uwar manomin tana jin koke-koke daga maƙwabta, tana tambayar Afiniki yau kuma wane ne. Tsoro ya kama ta, amma ba ta faɗa ba.

Sai labari ya zo cewa an kawo allurar rigakafi asibitin babban gari, amma kaɗan ce, ba za ta ishi kowa ba. Aka ce da tsofaffi da raunana za a fara. Kowane gida ya aiko mutum ya karɓi kati guda, mai lamba da ranar da za a kawo tsohon gidan. Manomin ya yi sammako ya tafi. Ya sha layi, ya sha rana, ya sha turereniya har rigarsa ta yage a kafaɗa, kuma ya samu. Ma'aikaciyar da ta miƙa masa ta tambaye shi na wane ne, ya ce na mahaifiyarsa ne, da ƙarfi, don na bayansa su ji. Zuwa nan ban ga laifinsa ba, ban da ɗaga muryar.

A hanyar komawa gida ne zuciyarsa ta fara auna wahala. Damina ce, ciyawa ta tasar wa gona. Rafi ya kawo ruwa. In za a kai tsohuwa, sai an goye ta an haye da ita, a nemi amalanke a ɗora ta, a wuni ana jira, a riƙe ta in za ta kewaya, a sake goyo ta a dawo. Wuni guda cur, kuma ba wanda zai gani ya yaba, gama wa yake yabon ɗa don ya ɗauki uwarsa?

Da ya isa gida bai ko shiga ɗakinta ba. Daga bakin ƙofa ya tsaya, ya ce, "Inna, an ba da katin allurar nan. Ko za ki je?"

Ta amsa yadda aka rene ta, yadda kuma ta rene shi. "A'a, kada ka wahalar da kanka saboda ni. Ga aikin gona. Ni ai na ci zamanina."

Ya ce, "To, Inna, yadda kika ce."

Ya mai da kati aljihu, ya juya da sauri, kada ta ƙara wata magana.

Ku dubi mutumin nan, jama'a. Wanda ba ya barin baƙon hanya da "na ƙoshi", wanda yake bin mutum har ƙofar gida da ƙullin gyaɗa, shi ne yau kunnensa ya buɗe ya ji "a'a" tun a karon farko. Ba rashin sani ba ne. Ya san abin da "a'a" ɗin take nufi fiye da kowa a ƙauyen. Amsar da yake so ke nan, ya tsara tambayarsa yadda za ta fito, ta fito, ya cafe. Duk lokacin da na zo wurin nan a labarin, raina yakan ɓaci.

Ita kuwa tsohuwa jira take ya dawo ya matsa mata. Ta sa Afiniki ta wanke mata zanenta na saƙi, wanda take ɗaurawa ranar Kirsimeti. Ta sa ta kitse mata ɗan gashin da ya rage. Tana ta tambaya ko allurar da zafi, a wane hannu ake yi, ko sai an ci abinci tukuna. Afiniki ta je ta gaya wa mijinta cewa Inna fa shiri take yi. Ya haɗe fuska ya ce da bakinsa ya tambaye ta, ta ce ba ta so, shi kuma ba ya cikin 'ya'yan da ke tilasta wa iyayensu. Ku ji fa, har ya mai da abin biyayya.

Kafin ranar ta zo, wani baƙo ya sauka a zauren, mai suna Barnaba. Yana da furfura, amma ƙarfinsa na nan, a kan keke yake zaga kasuwannin ƙasar. Mutum ne da in ya yabe ka da hantsi, kafin yamma gari ya ji. Cikin hira ya ce shi kam bai sami kati ba, ya je ya tarar sun ƙare. Manomin ya sa hannu a aljihu ya fiddo nasa.

Barnaba ya ja da baya. "A'a, kada ka wahalar da kanka saboda ni. Ai akwai tsohuwa a gidan."

Kusan kalmomin uwarsa ke nan. Amma a nan manomin ya tuna da tarbiyyarsa. Ya ce tsohuwa ta ƙi. Ya roƙa, ya sake roƙo, ya kama hannun Barnaba ya danƙa masa, ya ce in bai karɓa ba ya raina shi. Barnaba ya karɓa, gama katin lamba ce da rana, babu suna, furfurarsa kuwa za ta shigar da shi.

Ranar ta zo. Tun da safe tsohuwa ta ɗaura zanenta, ta lallaɓa ta zauna a bakin ƙofa, sanda a gefenta. Ɗanta ya fito ya wuce ta, ya gaishe ta a tsaye, ya tafi rakiyar baƙo. Da suka isa rafi, ya ɗora keken Barnaba a ka, ya haye da shi, ruwa har ƙugu. Wuyan da ya ji nauyin uwa tun ba a ɗora masa ba, bai ji nauyin ƙarfe ba. Tsohuwa ta zauna har rana ta take, har inuwa ta juya. Sa'an nan ta ce wa Afiniki ta kama ta su shiga. Ta kwance zanen, ta ninke shi, ta sa ƙarƙashin matashi.

Barnaba ya cika aikinsa. A kasuwa ya ba da labarin mutumin da ya sha layi ya ba baƙo katinsa, mutane suna jinjina kai. Baƙi suka ƙaru a zauren, ko da yake an yi ta gargaɗi a rage cuɗanya. Ta zauren nan ciwon ya shiga gida. Manomin ya yi ɗan tari ya warke. Da ciwon ya kai ɗakin ƙurya, ya kama tsohuwa, bai saki ba.

A lokacin ne ya ruga asibiti. Ma'aikaciyar ta ce masa allurar ta tare ciwo ce tun bai zo ba, ba ta warkar da wanda ya riga ya kwanta, kuma ma ta ƙare. Ta dube shi da kyau, ta tambaye shi ba shi ne ya karɓa wa mahaifiyarsa ba. Ya juya ya fita.

Ya dawo gida da la'asar. Wannan karon ya shiga ɗakin, ya durƙusa a gaban gadonta, yana jin yadda numfashi ke yi mata gardama. Ya ce, "Inna, don me ba ki ce kina so ba?"

Ta ce da ƙyar, "Ni na koya maka yadda ake tayi. Na ɗauka za ka sake."

Ba ta kai lokacin kaka ba, ta rasu. Afiniki ce ta ciro zanen daga ƙarƙashin matashi, da wankinsa da ninkinsa, aka rufe ta da shi. A zaman makoki aka ga manomin yana zagawa yana tura wa mutane kwano, yana cewa su daure su ci, kada su raina gidan.

Ga ma'anar wannan misali. Manomin nan mu ne, mu da ke zaune a kujerun gaba na majami'a, masu suna a wajen hidima da sadakar baiko da gaisuwar marasa lafiya. Zauren shi ne fuskar da muke nuna wa duniya. Ɗakin ƙurya shi ne inda muka ajiye waɗanda suka haife mu. Katin kuwa shi ne duk abin da Allah ya sa a hannunmu dominsu, ko layin asibiti ne, ko ranar allura, ko ƙafa mai ƙarfi da baya mai iya goyo. Ba namu ba ne da za mu sayi yabo da shi.

Tsofaffinmu ba su iya roƙo ba, kuma mun sani. Ba su iya turereniya ba, ba su iya latsa waya su nemi rana ba, ba su iya haye rafi ba. In ba mu tsaya musu ba, ba su da kowa. Da ka ƙi kai uwarka ka faɗa fili cewa ka ƙi, da zunubin ya tsaya ɗaya. Amma ka yi mata tayin da ka san kunya za ta sa ta ƙi, sa'an nan ka ce ita ta ƙi, ka haɗa sakaci da ƙarya, ka kuma ɗora mata laifin. Mutane za su yarda da kai. Ubangiji da ya umarce mu mu girmama iyaye ba a bakin ƙofa yake tsayawa ba, yana ganin abin da ke cikin aljihu da abin da ke cikin zuciya.

Na san akwai tsohon da zai ƙi da gaske, don tsoro ko don jita-jitar da ya ji. Wannan sai a zauna da shi, a yi masa bayani, a saurare shi, ba a ja shi da ƙarfi ba. Amma ba za ka san wace irin "a'a" ce ba in kana tsaye, ƙafarka ɗaya a waje. Ku tuna kuma, da Allah ya karɓi "a'a" ɗinmu ta farko ya juya, da babu ko ɗayanmu a ɗakin nan yau. Ya kira mun ƙi, ya sake kira.

Saboda haka in an tashi, kada ku tsaya a zaure. Ku wuce ƙuryar gida, ku cire takalmi, ku shiga ku durƙusa, ku ce wa tsohuwa za ku kai ta asibiti, kun riga kun shirya. Za ta ce kada ku wahalar da kanku. Ku sake tambaya.