Dalilin da Ya Sa Mutanen Kwarin Ganga Ba Sa Ɗaga Harshe

Kai, ku rufe mini baki! Bawan Allah ya zo daga Kwarin Ganga tallar gishirin manda, kun bi shi kuna kwaikwayon maganarsa kamar marasa iyaye. Na gaji da ku wallahi. Ku zauna nan.

Dalilin da ya sa mutanen Kwarin Ganga suke magana harshe a kwance, "i" ɗinsu ya koma "e", "u" ya koma "o", ba abin dariya ba ne. Ku ce "i". Kun ji harshenku ya tashi sama? To, nasu ba ya tashi.

Da can garinmu ɗaya, bakinmu ɗaya. Sai aka yi shekarar fari, gyaɗar iri ta rage rumbu ɗaya a garin kaf. Al'adar lokacin kuwa, in mata suna ɓarar iri sai su yi ta waƙa har a tashi, don mai waƙa ba ta tauna.

Akwai wata Tasalla, 'ya'yanta biyar, yunwa ta ci gidanta. Sai ta riƙa cusa ƙwaya biyu ƙarƙashin harshe, ta danne, tana waƙa a haka. In ta tashi shan ruwa, ta tofa a haɓar zane.

Iya Barmani, tsohuwar da ke tsaron irin, ta kasa kunne.

"Ke Tasalla, waƙa kike ko kukan kwaɗo?"

"Iya, ciwo ne ya kama mini harshe."

"Allah ya sawwaƙe. Mu ga dai ko ciwon zai bi ki gida."

Dole ya bi ta. Don kada asiri ya tonu, a rijiya haka take magana, a gida haka, har 'ya'yanta suka ɗauka. Kwana arba'in ana wannan.

Ranar ɓarar ƙarshe aka auna iri, aka ga ba zai kai gonaki ba. Iya Barmani ta ce wa Tasalla, "Buɗe bakinki, 'yar nan. Ɗaga."

Harshe ya ƙi tashi. Sai da tsohuwa ta sa yatsa ta zaro gyaɗa biyu a jiƙe.

Ba wanda ya dake ta, ba mai ƙarfin dukan ma. Aka hana gonarta iri, aka ce ta kwashe 'ya'yanta ta sauka kwari.

Shi ya sa har yau jikokinta suke magana harshe a danne. Ita kuwa Tasalla, macen da ta fi kowa zaƙin murya, har ta koma ga Allah ba a sake gayyatarta waƙa ba.