Maginin da Ya Ƙi Ɗaga Guduma

Akwai wani magini da ya shekara fiye da ashirin yana aikin gini. Mutum ne marar yawan magana, amma idan ya ƙwanƙwasa bango da bayan hannu, sai ya faɗa maka abin da bangon ke ɗauke da shi.

Ƙanwarsa tana auren wani mai sayar da tayoyin mota, wanda kowa ke kira Mai Taya. Allah ya buɗa masa, ya sayi gidan bene. Iyalinsa suna ƙasa, mahaifiyarsa kuma tana ɗakin sama, saboda tsohuwar tana son iska.

Wata rana Mai Taya ya sayo wasu manyan kujeru. Aka kawo su, falo ya ƙi ɗauka. Biyu suka shiga, uku suka tsaya a tsakar gida an lulluɓe su da leda.

Sai ya kira surukinsa.

"Yaya, bangon nan da ke tsakanin falo da ɗakin baƙi nake so ka rushe. Falo ya zama ɗaya, babba."

Magini ya ƙwanƙwasa bangon. Ya hau sama ya auna, ya sauko ya sake aunawa.

"Mai Taya, wannan ba bangon ado ba ne. Ɗakin Mama a kansa yake zaune. Ana iya cire shi, amma sai injiniya ya zana abin da zai ɗauki nauyin, a kai ofishin kula da gine-gine su duba, su ba da takardar izini. Ranar da takarda ta fito, ni da kaina zan fara."

"Kwana nawa ke nan?"

"Sati uku, ko wata guda."

Mai Taya ya fashe da dariya. "Wata guda kujeruna suna shan rana? Gidana ne, Yaya. Takarda ce za ta riƙe siminti?"

"Ba takarda ce ke riƙewa ba. Idon wanda ya duba kafin ya sa hannu ne."

Matar Mai Taya ta sa baki a hankali. "Baban yara, ka saurari Yaya mana. Aikinsa ne."

"Ke ki yi shiru. Shekara ashirin yana tsoron ofis, shi ya sa har yau yake kan keke." Ya juya ga magini. "In ba za ka yi ba, masu yi suna nan rututu a bakin titi."

Maganar ta yi wa magini zafi, ga ƙanwarsa tsaye ta sunkuyar da kai. Amma bai rama ba. Ya naɗe igiyar awonsa ya sa a aljihu.

"Abu ɗaya nake roƙo. In har za ka yi, ka sauko da Mama ƙasa tukuna."

Mai Taya ya ɗaga masa hannu kamar mai korar ƙuda.

Cikin kwana biyu aka rushe bangon. Wasu mutum uku ya samo, ba su tambayi komai ba, guduma kawai suka ɗauka. Aka yi shafe, aka yi fenti, kujeru biyar suka zauna daram. Mai Taya ya ɗauki hoton falon ya tura wa surukinsa a waya, ya rubuta a ƙasa: "Ba takarda, kuma bai faɗi ba."

Magini ya amsa da kalma uku: "Allah ya tsare."

Tsohuwa kuwa tana sama. Ba wanda ya faɗa mata abin da ke ƙarƙashin gadonta.

Rana ta tara da rushe bangon, da safe, magini yana kan aiki a wani gida sai wayarsa ta yi ƙara. Ƙanwarsa ce.

"Yaya, ƙofar ɗakin Mama ta ƙi buɗuwa. Mun tura, mun ja, ta cije. Kuma wani farin gari yana ta zubowa kan kujeru daga sama."

"Ki fitar da yara waje yanzu. Kada kowa ya ƙara shiga falon. Ga ni nan."

Da ya iso, kallo ɗaya ya yi wa rufin falon. Tsaga ta ratsa shi daga wannan gefe zuwa wancan, tsakiyar kuma ta ɗan sauko. Nauyin da ya sauka ne ya danne ƙofar sama.

Mai Taya yana tsaye a tsakar gida, gumi ya jiƙa rigarsa. "Yaya, mahaifiyata..."

"Ba lokacin magana ba ne. Je ka wurin masu hayar kayan gini, ka kawo turakun ƙarfe shida. Yi sauri."

Mai Taya, wanda bai saba a aike shi ba, ya fita da gudu.

Magini ya hau sama shi kaɗai, yana bin gefen bango. Ya sa ƙarfe ya ɓalle ƙofar daga maƙalarta. Tsohuwa tana zaune a bakin gado da carbi a hannu.

"Ɗan nan, lafiya kuke ta buga mini ƙofa?"

"Lafiya lau, Mama. Hau bayana, yau ni ne motarki."

Ya goya ta, ya sauko a hankali, taki ɗaya bayan ɗaya. Da turakun suka iso, ya kafa su a layin da bangon yake a da, ya ɗaure su har garin ya daina zuba.

Sai a lokacin Mai Taya ya matso, murya ƙasa-ƙasa.

"Yaya, ka rufa mini asiri. Ka mayar da bangon a tsakaninmu, kada ofis su ji."

"A'a. Rufin ya riga ya motsa. Ni ban san iya ɓarnar da ke cikinsa ba, kai ma ba ka sani ba. In na lulluɓe tsagar da siminti, na binne muku tarko ke nan. Tashi mu je tare. Zan tsaya kusa da kai."

Suka je. Mai Taya ya faɗi gaskiya da bakinsa, kansa a ƙasa. Washegari wata injiniya ta zo daga ofishin. Ta duba sama da ƙasa, ta sa jan fenti a jikin gidan, ta ce kada kowa ya kwana a ciki. Sannan ta tsaya a gaban turakun.

"Wa ya kafa waɗannan?"

Aka nuna mata magini.

"Malam, da ba ka kafa su jiya ba, da yau wani zancen ake yi."

An ci Mai Taya tara. Iyalinsa kuma suka koma gidan magini, ɗaki biyu da tsakar gida, suka yi sati bakwai a can. Mai keken nan da aka yi wa gori shi ya bar wa tsohuwa gadonsa, ya koma tabarma. Ko sau ɗaya bai ce "ai na faɗa maka" ba. Shirun nan ya fi damun Mai Taya a kan zagi.

Takarda ta fito da zanen ginshiƙai biyu da dogon kankare mai rodi a samansu. Magini ya yi aikin kamar yadda aka zana, injiniya ta zo sau biyu ta duba, ta sa hannu.

Ranar komawa gida, tsohuwa ta tsaya a gindin matakala ta ƙi hawa.

"Mama, an gyara," in ji Mai Taya. "Wallahi an gyara."

"Kai ka yi mini shiru. Ba kai zan tambaya ba." Ta juya ga magini. "Ɗan nan, in hau?"

"Hau, Mama."

Ta kama ƙarfen matakala ta fara hawa. Mai Taya ya bi ta da kallo har ta shige. Sannan ya kama hannun surukinsa da hannu biyu, a gaban matarsa da 'ya'yansa.

"Yaya, ka yafe mini. Uwata ta fi yarda da kalmarka a kan rantsuwata, kuma tana da gaskiya."

Darasi: Gidanka naka ne, amma rayukan da ke cikinsa amana ce. Kafin ka rushe bango, ka ɗora bene ko ka faɗaɗa ɗaki, nemi izini, ka bari masana su duba. Sauri kan haifi nawa, kuma wanda ya ce maka "dakata" ba maƙiyinka ba ne. In kana da ɗan'uwa ko maƙwabci da ke shirin gyaran gida, tura masa wannan labarin yau, tun gudumar ba ta sauka ba.