Ɗalibin da Ya Kayar da Mutanen da Bai Taɓa Saurara Ba

Akwai wani ɗalibi a birnin Banaras na Indiya, Tanmay, mai neman digirin dakta a falsafa. Shekara huɗu yana kan tambaya ɗaya: wannan "ni" da mutum ke faɗa, akwai wani abu tabbatacce a bayansa, ko babu? Shi ya ce akwai, ya kuma cika shafi ɗari uku yana ragargazar mabiya Buddha masu cewa babu. Ko shayi ya je sha a bakin kogi sai ya kayar da biyu-uku a cikinsu, alhali ba sa wurin.

Saura wata biyu wa'adin miƙa kundi ya cika. Sa hannun malaminsa, tsoho Pandit Awasthi, kawai yake jira.

Tsohon ya ce, "Ɗana, ka san ƙa'idarmu. Ba a rushe maganar mutum sai an faɗe ta a gabansa, ya ce haka take. Je ka wurin Dolma."

Dolma 'yar ajinsu ce daga yankin Ladakh, mabiyiyar Buddha, wadda yake tsokana da "Malama Babu-Kowa".

Ya je ya zuba mata bayanin abin da yake ganin mabiya Buddha ke cewa. Ta saurara tsaf, ta ce, "Kai, su wa ke faɗar wannan shirme? Nuna min su in taya ka dukansu."

"Ku mana!"

"Mu? Mun ce babu mai jin yunwa? Ga ka nan kana ta kallon abincina. Koma ka karanta."

Sau shida tana koro shi. Tun yana zuwa da fushi har ya fara zuwa da tambayoyi.

A na bakwai, saura kwana uku, ya ce, "Kuna cewa mutum kamar kogi yake. Suna ɗaya, amma ruwan yanzu ba na ɗazu ba ne."

"Yawwa. Haka muke cewa. To, rushe."

Ya buɗe kundinsa, ya duba shafi bayan shafi. Duk dukan da ya yi a gefe ya sauka.

Ya koma wurin malaminsa. "Guruji, malamina, kada ka sa hannu. Ƙarin shekara nake nema."

Tsohon ya yi dariya har da tari. "Shekara ɗaya tak? Ni ina cikin ta arba'in a kan tambayar nan. Kawo takardar neman ƙarin. Yau dai na samu ɗalibi."

Darasi: Kafin ka ƙaryata mutum, iya faɗar maganarsa har shi da kansa ya ce haka take. Tura wa gwanin gardamar da ka sani, amma ka fara karantawa sau biyu.