Jinkar Tunau

An ruwaito a tsofaffin takardun da malamai ke ajiyewa cikin gafaka cewa a zamanin Sarki Dambo na Birnin Gora an yi wani mutum ana ce da shi Tunau. Faɗa ya haɗa shi da wani a bakin rijiya, ya karya masa hannu, alƙali ya ɗaure shi shekara biyar. Tunau bai taɓa musun laifinsa ba, ya cika wa'adinsa daram.

Da ya fito sai ya tarar gidansa ya zama kango, danginsa sun yi ƙaura. Duk ƙofar da ya yi wa sallama, sai a ce masu gidan ba sa nan, alhali yana jin tarinsu. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa, Tabawa, ita ce ta nuna masa fili bayan dangarta, ta ce, "Ɗana, gina a nan. Ni na tsufa da jin tsoron bakin mutane."

Tunau ya kwaɓa ƙasa, ya ta da bango shi kaɗai. Ya haɗa jinka a ƙasa, ya baibaye ta da shuci, kyakkyawa ƙwarai. To, jinka kuwa sai an taru ake ɗora ta. Ya bi maƙwabta gida-gida, ranar nan kowa ya tashi da ciwon baya. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, ruwa ɗaya ya isa ya narkar da bangon.

Sai ya wanke rigarsa, ya tafi fada, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, na zo a gaya mini shekara nawa suka rage mini."

Sarki ya ce, "Ashe ba mun sake ka ba?"

Tunau ya ce, "Biyar ɗin alƙali na cika su. Unguwa ce ta ƙara mini wasu, ba a kuwa faɗa mini adadinsu ba." Ya kwashe labarin jinka ya faɗa.

Waziri Kailani ya ce a ba shi dogarai takwas su ɗora masa. Tunau ya ce, "Allah ya gafarta wa Waziri, dogarai sun rufe ni shekara biyar. Ba na so su ne za su rufa mini ɗaki."

Sarki ya tambayi wanda ke da dabara. Wani tsohon attajiri, Nomau, ya ce, "Ranka ya daɗe, ina saurayi na bi wani ayari. Ɗaya daga cikinmu ya saci gishiri, madugu ya sa aka yi masa bulala. Da muka sauka zango, kowa ya janye akushinsa daga wurin mutumin. Madugu bai yi wa kowa faɗa ba. Tashi ya yi ya je ya sa hannu a akushin ɓarawon, suka ci tare. Ya ce shi ya yi horon, shi ya kamata ya nuna horon ya ƙare. Kafin ya kai loma ta uku mun cika wurin."

Sarki ya miƙe ya ce a nuna masa hanyar gidan Tabawa. Da ya isa ya tuɓe alkyabbarsa, ya miƙa wa Nomau ya ce ta zama tasa, tukuicin labarinsa. Ya sunkuya ya kama bakin jinka. Nan take mazan unguwa suka fito a guje, har ana ture juna wajen neman inda za a kama.

A al'adar garin, mai ɗaki shi ke ba da umarni ranar ɗora jinka. Tunau ya tsaya ƙiƙam, ƙirjinsa cike da alfahari, ya ɗaga murya: "Ku ɗaga! Ranka ya daɗe, gefenka ya yi ƙasa, ƙara ɗagawa!"

Sarki ya ƙara ɗagawa, jinka ta zauna.

Masu hikima sun ce abin lura a nan shi ne, wanda ya ɗaure mutum a gaban jama'a, a gaban jama'a ya kamata ya kwance shi, da hannunsa. Allah ya sa mu gane.