Littafin da Waziri Ya Ƙaga

A wani zamani da ya shuɗe, tun takarda tana zuwa a bayan raƙumi, an yi wani sarki wanda ba ya ɗaga murya, shi ya sa ma ake tsoronsa. Wata rana aka gano babban malamin fadarsa ya ba da fatawa da ka, har an kashe wani bafatake marar laifi a kanta. Sarki ya dafa Alƙur'ani ya rantse, duk wanda ya sake yin ƙaryar ilimi a gabansa sai an yanke masa harshe. Babban malamin kuwa ba a sake ganinsa ba, ba kuma wanda ya tambaya.

To, ka san malamai da rawani. Buzun babban malami yana zama ba kowa, sai kwaɗayi ya danne tsoro. Wanda ya fi kowa zaƙewa shi ne Malam Hambali. Wannan bawan Allah, wallahi bai taɓa kai littafi ƙarshe ba. Ya leƙa farko, ya leƙa ƙarshe, shi ke nan ya sauke. Littafi ɗaya ya taɓa rubutawa, ya tsaga shi bakwai, kowane ya raɗa masa suna. Yana da abokai biyu da suke cuɗe-ni-in-cuɗe-ka, wannan ya kira wancan kogin ilimi, wancan ya kira wannan fitilar zamani.

Ranar zaɓe fada ta cika. Hauni, mai zartar da hukuncin sarki, yana tsugune bakin ƙofa da wuƙa a cinya. Waziri Gwadabe, tsoho mai sanyin magana, ya ce, "Malam Hambali, me ka gani game da Sullamul Kaslani na Shehu Bagudu?"

Kai, da ya yi shiru! Amma ina, ya shafa gemu ya ce, "Ranka ya daɗe, sau uku na sauke shi. Akwai ma 'yan kurakurai a juzu'i na biyu, na gyara a gefe."

Sarki ya ce, "Madalla. Ka kawo mana shi ran Juma'a."

Malam ya bi abokansa. Kogin ilimi ya ce ya ba da aron nasa, fitilar zamani ya ce gara ta cinye. Ya zaga zaurukan gari kaf, ba mai shi. Ya kulle kansa kwana huɗu yana rubuta littafin da kansa, wahalar da bai taɓa sha ba tun da aka haife shi. Ya rataye takardun bisa murhu hayaƙi ya tsofar da su, ya huda gefensu da tsinke kamar cin gara.

Ran Juma'a ya durƙusa ya miƙa. Waziri ya kai hanci ya ce, "Ikon Allah! Shehun nan a madafi ya yi wafati? Har daddawa nake ji."

Ba wanda ya yi dariya, don Sarki bai yi ba.

Waziri ya ce, "Malam, babu wani Shehu Bagudu, babu littafin. Ni na ƙaga su ina alwala. Ko sunan ba ka fassara ba? Tsanin Malalaci ke nan."

Hauni ya miƙe. Malam Hambali ya faɗi gaban Sarki, ya ce, "Zaki, Allah ya ba ka nasara! Magabata sun ce alƙalami ɗaya ne daga harsuna biyu. A yanke alƙalamina, rantsuwarka ta cika."

Sarki ya dube shi ya ce, "Magana mai kyau. A wane littafi take?"

Sunayen littattafai goma suka taso wa Malam har maƙogwaro, kowanne da marubucinsa da babinsa. Shekara ashirin da su yake cin tuwo. Ga Hauni tsaye a kansa, yana jin numfashinsa a ƙeya. Ni kaina mai ba ku labari, tausayinsa ya kama ni a nan.

Da kyar ya ce, "Ban sani ba."

Sarki ya juya ga Waziri. Sannan ya ce, "Waziri, maganar tana da asali?"

"Tana da shi, Zaki. A bakin malamansa ya tsinta."

Aka zaro alƙalamin daga aljihunsa, Hauni ya ɗora shi a kan dutse ya sare, ƙas! Aka warware masa rawani, aka haramta masa rubutu da fatawa har ya mutu. Buzu kuwa aka ba wani tsohon malamin bayan kasuwa, wanda littafi uku kacal ya sani, amma ya san su.

Malam Hambali ya fita kai ba rawani, hannunsa dafe da baki har gida.