Manomin da Ya Tafi Neman Wuri Marar Aibi

Akwai wani manomi a ƙasar arewa wanda gonarsa ta gaji, rijiyar garinsu kuma ta ƙafe. Sai ya ɗora kayansa a kan jaki, ya zuba irin dawa a taiki, ya tashi da matarsa da 'ya'yansa suka nufi kudu, inda ya ji ƙasa tana da ni'ima.

Mutumin nan mai son sanin abu ne ƙwarai. Ko itace ya gani wanda bai sani ba, sai ya tsinki ganyen, ya murza, ya sansana, ya tambayi sunansa.

Suka sauka a wani ƙaramin ƙauye a gindin dutse. Dattijon ƙauyen ya ba su ɗaki, ya kuma nuna masa fili, ya ce in yana so ya share ya zauna. Manomin ya yi godiya, ya shiga tambaya. Aka faɗa masa rafi yana da nisa, birai kuma suna saukowa daga dutse su yi ɓarna a gona. Sai ya ce wa matarsa ta jira shi a nan da yara, zai zaga ƙasar ya dubo inda ya fi, tun da a lissafinsa damina da saura.

Ya fara isa wani gari a bakin kogi. Ƙasar baƙa wuluk, ga kifi. Amma ya lura da wani zane a jikin kowane bango, daidai ƙugun mutum. Ya tambaya, aka ce nan ne ruwa yake kaiwa in kogi ya cika. Ya wuce. Ya zo wani gari mai babbar kasuwa, ya yi mamakin tsawon shingen gonakinsu, aka ce faɗan iyaka ne ba ya ƙarewa. Ya hau wani tudu mai iska mai daɗi, ya tona ƙasa da sandarsa, ya iske tsakuwa. Tafiyar kuwa tana yi masa daɗi. Ya ga yadda ake tara kunyar doya, ya ɗanɗana 'ya'yan itatuwan da bai taɓa gani ba, kuma duk inda ya je sai a ba shi labarin wani wuri can gaba.

Ran nan hadari ya haɗu, aka yi ruwa. Ya ce a ransa ruwan ruɗi ne, irin wanda yakan sauko a garinsu kafin lokaci. Aka sake yi, aka kuma yi. Da ya ga tsiro ya fito a gonaki, sai ya tambayi wata tsohuwa dalilin wannan gaggawa.

Ta dube shi, ta ce, "Ɗana, kai baƙo ne. A nan damina takan faɗi da wuri. Wanda bai yi shuka ba har yanzu, bana a gidan wani zai ci tuwo."

Ya tambayi abu iri iri, amma bai taɓa tambayar wannan ba. Ya juya da sauri, sai ya tarar kogi ya kawo, dole ya jira har ruwa ya janye. Duk hanya tunanin yunwar 'ya'yansa yake yi.

Da ya iso ƙauyen gindin dutse, sai ya hangi filin nan an share shi, dawa ta kai gwiwa, matarsa tana sunkuye tana cire ciyawa. Ya tsaya yana kallon gonar. Can ya ce wa matarsa, "Uwar Rifkatu, wa ya yi wannan aiki?"

Ta gaya masa matan da take haɗuwa da su a rafi ne suka faɗa mata damina ta kusa. Ta yi ta duban hanya, ba ta gan shi ba, ta ji tsoron kwance taikin ba da izininsa ba. Daga baya ta je wurin dattijon, shi kuma ya kira gayya, maza suka fito da fartanya.

Ya ce, "Ba ki ji zancen birai ba? Da nisan rafi?"

Ta ce, "Na ji, Maigida. Amma da na kira, mutanen nan sun zo."

Manomin ya sunkuyar da kai. Ya jingine sandarsa, ya karɓi fartanya daga hannunta. Birai sun ci nasu a shekarar, amma abin da ya ragu ya kai iyalin har kaka ta gaba.

Ma'anar wannan misali ita ce, irin nan shi ne rai da baiwar da Allah ya danƙa wa kowannenmu, damina kuwa ita ce kwanakinmu, waɗanda ba mu ne muke tsara su ba. Tambaya ba laifi ba ce. In aiki ko karatu ko wahala ta kai ka baƙuwar ƙasa, ka duba ruwa, ka duba ƙasa, ka yi addu'a. Amma ba za ka sami gari ko unguwa ko ikilisiya marar aibi ba a duniyan nan. Waɗansu a cikinmu sun daɗe suna zagawa, yau wannan majami'a, gobe waccan, sun san laifin kowacce, ba su taɓa share ko ɗaya ba. Ka nemi inda ake jin tsoron Allah, inda maƙwabci yake amsa kiran maƙwabcinsa. In ka samu, ka sauke kayanka, ka fara aiki, domin kai ma wata rana wani baƙo zai kira ka.